Sa'Adatu da ÆŠanladi: me ya sa gyaran Python yake cin shekaru?

Ranar wata Asabar bayan La'asar, a wani shagon buga takardu da ke Yelwa a nan Bauchi, ƙanena ya turo mini laftof ɗinsa, ya koma gefe ya harɗe hannu. Wata makarantar kuɗi ce ta ba shi aikin rubuta ɗan firogiram da zai riƙa haɗa makin ɗalibai ya fitar da sakamako, shi kuma da harshen rubuta manhaja mai suna Python ya yi shi, kamar yadda yawancin masu koyon kodin suke farawa yanzu. Lissafi ya tafi daidai, ko maki ɗaya bai kauce ba. Sunaye ne suka yi masa gardama.

Sakataren makarantar ya shigar da sunayen duk da ƙananan haruffa, sai yaron ya yi amfani da wani umarni mai suna title, wanda aikinsa mayar da harafin farkon kowace kalma babba. Sa'adatu ta fito Sa'Adatu, Mu'azu ya zama Mu'Azu, Isma'il kuwa Isma'Il. Da ya ce a jera sunayen bisa abacada, Ɗanladi da Ƙasimu suka gangara can ƙasan takarda, bayan Zuwaira. Abin da ya fi ba shi haushi kuma, a laftof ɗinsa mai Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows, komai na buɗewa lafiya lau, amma da aka kai firogiram ɗin kwamfutar shagon mai Windows, sai Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, kai ka ce sunan wani maganin asibiti ne.

"Yaya, wannan fa gyaran layi biyu ne," in ji shi. "Mutanen nan sun fi shekara talatin suna abu ɗaya. Me ya hana su gyarawa?"

Kafin a amsa, sai an san su wane ne "mutanen nan". Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fara rubuta Python a hutun ƙarshen shekarar 1989 yana aiki a wata cibiyar bincike a Amstadam, ya kuma sake shi ga jama'a a 1991. Kod ɗin a buɗe yake, kowa na iya saukewa ya karanta, ya sauya, har ya sayar da abin da ya gina da shi. Akwai gidauniyar Python da aka kafa a 2001, ita ke riƙe da suna da asusu, amma hukuncin yadda harshen zai kasance yana hannun wani gungun masu rubuta manhaja da aka amince musu su taɓa gindin kod ɗin. Da yawansu 'yan sa-kai ne, sai sun tashi daga wurin neman abinci suke zama su yi wannan. Tun shekarar 2000 suke da ƙa'ida: duk babban sauyi sai an rubuta masa takarda mai lamba, ana ce mata PEP. A ciki mai shawara zai faɗi matsalar, da maganin da ya kawo, da abin da maganin zai ɓata, da sauran hanyoyin da aka duba aka watsar da dalilin watsar da su. Wannan sashen na ƙarshe shi nake fara karantawa, domin a nan mutum yake gane cewa dabarar da ta faɗo masa jiya da dare, wani ya kawo ta shekara goma da suka wuce an kuma gaya masa inda take da rami.

Batun Sa'Adatu an san da shi sarai. Takardun bayanin Python da kansu sun yi gargaɗi a kan title, domin kalmomin Turanci masu ɗauke da wannan alama su ma haka yake yi musu. An sani, an rubuta, an kuma bar shi.

A ɗauka gobe shugabannin kasuwar Muda Lawal su wayi gari su ce mudun awo ya yi ƙanƙanta, daga yau an ƙara masa girma. Ko da sabon mudun ya fi adalci, akwai wadda ta ci bashin mudu ashirin na masara za ta biya da kaka. Akwai mai ƙosai da ta san mudu nawa na wake ke cinye mata galan ɗin mai, a kan haka ta yanke kuɗin ƙosanta. Duk lissafinsu ya rushe, kuma ba mai aiko musu da labari, sai dai su ga giɓi a ƙarshen mako su rasa ta inda ya shigo. Haka umarnin da ya shekara da shekaru a cikin harshe yake. Wani yana can ya gina ma'ajiyar sunayen abokan cinikinsa a kan yadda title yake aiki yanzu, da kuskurensa da komai. Ranar da aka "gyara", firogiram ɗinsa ba zai tsaya ya yi kuka ba, zai ci gaba da aiki yana fitar da sunayen da ba su dace da na bara ba. Masu wannan sana'a sun fi tsoron ɓarnar da ke tafiya shiru a kan wadda ke tsayar da aiki da jan rubutu.

Sannan gyaran ma wane iri? Sunan ɗan Ayalan irin O'Neill, title daidai yake fitar da shi, babban harafin bayan alamar shi ake so. Takardun Python sun nuna wani umarnin, capwords, wanda ke raba kalmomi ta wurin sarari kawai. Muka gwada, Sa'adatu ta dawo hayyacinta. Sai muka ba shi 'yar'adua, ya dawo mana da shi yadda muka ba shi, ko harafi ɗaya bai ɗaga ba, saboda abin da ya tarar a farkon kalmar alama ce. Shi kuwa title ɗin da muke zagi ya fitar da 'Yar'Adua, yadda jaridun Turanci suke rubuta sunan marigayi shugaban ƙasa. Wato babu ƙa'ida guda da za ta gamsar da Bahaushe da Ba'ayale, ko ma ta gamsar da Bahaushe shi kaɗai. A nan ina bayan masu harshen. Taɓa wannan umarni gyaran gangar auzinawa zai zama.

Wannan tsoron ba haka kawai suka same shi ba, sun taɓa ɗebo da zafi. A Disambar 2008 aka fitar da Python 3, inda aka tattara kurakuran da suka daɗe suna damun mutane aka gyara su a tashi ɗaya, da sanin cewa tsofaffin firogiram ba za su yi aiki ba sai an sake taɓa su. An zaci 'yan shekaru kaɗan za su isa kowa ya ƙaura. Sai aka shiga halin da duk wanda ya ga canjin takardun naira a farkon 2023 zai gane: tsohon kuɗi a hannun jama'a, sabo bai wadata ba, mai shago ya ƙi karɓar wannan, mai mota ya ƙi karɓar wancan, wa'adi kuma ana ta ɗagawa. Masu rubuta fakitocin da kowa ke dogaro da su, wato shiryayyen kod da ake saukewa a yi gini a kansa, suka ce ba za su ƙaura ba sai masu amfani sun ƙaura, masu amfani suka ce sai fakitoci sun riga su. An sa 2015 a matsayin ranar binne Python 2, aka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020. Shekara goma sha ɗaya da ɗoriya ana tafiya da harshe biyu masu suna ɗaya.

Abin da ba a cika faɗa ba, mu muna cikin waɗanda suka ci ribar wannan wahala. Babban sauyin Python 3 shi ne mayar da duk rubutu bisa tsarin Unicode, wanda ya tanadi lamba ga kowane harafi na harsunan duniya, har da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Shi ya sa yau za ka iya sa wa ma'ajin lissafinka suna kuɗi ko ƙidaya da ƙugiyarsu, Python ya karɓa ba musu, kuma in ka ce ya mayar da ƙ babba ya ba ka Ƙ.

Sauran harsuna kowa da yadda ya ɗauki darasin. Perl ta yi shelar sabuwar siga ta shida a 2000, ba ta fito ba sai ƙarshen 2015, a 2019 kuma aka sauya mata suna zuwa Raku domin ta riga ta zama wani harshe dabam. Go ta Google ta yi alkawari tun 2012 cewa abin da aka rubuta da sigar farko zai ci gaba da aiki, ta kuma riƙe alkawarin har ta shekara goma tana jan ƙafa kan wata dabara da masu amfani suka yi ta roƙo, sai a Maris ɗin 2022 ta shigo da ita. Rust ta ɓullo da bugu-bugu, na 2015 da 2018 da 2021 da 2024, kowane fakiti ya faɗi bugun da yake bi, kuma tsoho da sabo su zauna a firogiram ɗaya ba faɗa. Python kuwa yanzu duk Oktoba take fitar da sabuwar siga, tun daga 3.9 a 2020, kowace ana kula da ita shekara biyar, kuma ƙa'ida ita ce ba a cire abu sai an yi aƙalla siga biyu ana gargaɗi a kansa.

Matsalar ÆŠanladi ta fi daɗin bibiya, domin ita an yarda kuskure ce, an kuma kama hanyar gyara ta, sai dai a dubi tsawon hanyar.

Kwamfuta lambobi take ajiyewa, saboda haka kowane fayil na rubutu yana buƙatar jadawalin da zai ce lamba kaza harafi kaza ce. Windows ta gaji tsofaffin jadawaloli na yanki-yanki. Wanda ke kan yawancin kwamfutocinmu na Yammacin Turai ne, gurbi 256 kacal gare shi, kuma babu gurbin harafi mai ƙugiya ko ɗaya. Tsarin UTF-8, wanda intanet ke tafiya a kansa, yana ajiye Ɗ da lambobi biyu a jere. In aka karanta su da tsohon jadawali, sai ya ɗauki kowace lamba harafi mai zaman kansa, ta farko Æ, ta biyu Š. Haka haƙuri yake komawa haÆ™uri. Shi Python, in ka ce ya buɗe fayil ba ka faɗa masa jadawalin ba, sai ya tambayi kwamfutar da yake kai. Linux da Mac su ce UTF-8, Windows ta miƙo tsohon nata. Ƙanena bai yi laifin komai ba illa rashin rubuta 'yan kalmomi a cikin umarnin buɗe fayil, kuma laftof ɗinsa ba zai taɓa nuna masa ya yi kuskure ba.

A 2018, a siga ta 3.7, Victor Stinner ɗan Faransa ya shigo da wani makunni da mutum zai kunna da kansa, Python ya riƙa amfani da UTF-8 ko'ina. A 2021, a 3.10, Inada Naoki ɗan Japan ya ƙara wani gargaɗi, shi ma sai ka kunna, wanda zai nuna maka duk layin da ka buɗe fayil ba ka faɗi jadawali ba. Yadda ya kare shawararsa shi ne abin koyi. Ya ɗauki fakitoci 4,000 da aka fi saukewa, ya nuna 489 suna da haruffan da ba na Turanci zalla ba a takardar bayaninsu, 82 kuma ba sa girkuwa daga tushe a kwamfutar da ba ta kan UTF-8, saboda wannan mantuwar dai. Da wuya a yi musu da mutumin da ya zo da ƙidaya a hannu. Daga baya ya kawo PEP 686, wadda ta ce a mayar da UTF-8 abin da Python zai ɗauka da kansa, aka amince, aka ajiye aiwatarwa sai siga ta 3.15, wadda aka tsara fitowarta a Oktoban 2026. Shekara takwas ke nan daga makunni zuwa gyara. Dalilin jinkirin shi ne mudun nan dai: akwai ofisoshi masu tarin fayilolin da aka rubuta da tsofaffin jadawaloli, ranar da aka juya, nasu rubutun ne zai koma shirme, don haka aka ba su shekaru su bi layukansu su gyara.

Ba mamaki ɗan Japan ne ya ɗauki abin a ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa sun daɗe da wannan yoyon har suna da kalma ta musamman ga rubutun da ya rikice haka, mojibake. Mu rufinmu a daidai wurin yake zuba, amma gyaran tsintar dami a kala muka yi. A ganina nan ne ainihin amsar tambayar ƙanena take. Masu harshen suna gyara ciwon da ya iso gabansu da shaida, wanda kuma wani ya yarda ya zauna da shi shekaru yana amsa suka. A Afrilun 2021, saura 'yan makonni a rufe ƙofar sauye-sauyen 3.10, mai fakitin pydantic, wanda FastAPI, wani fakitin gina manhajojin intanet, ke tsaye a kansa, ya fito ya nuna cewa wani sauyi da aka riga aka amince da shi zai karya musu aiki. Aka dakatar da sauyin, aka koma aka sake tunani, wata hanyar dabam ce ta shigo a 3.14 a 2025.

Kada a ɗauka muhawarar tasu kullum cikin ladabi take. A 2018 an yi rigima kan wata 'yar alama, ɗigo biyu da alamar daidai a manne (:=), wadda ke ba mutum damar ajiye ƙima a tsakiyar jimla. Suna kiranta da sunan wata dabbar teku mai dogayen haure, wai ta yi kama da idanunta da haurenta. Wasu suka ce za ta rage maimaici, wasu suka ce za ta lalata sauƙin karatun da aka san Python da shi. Guido ya amince da ita, sannan ranar 12 ga Yulin 2018 ya rubuta wa abokan aikinsa cewa ba ya son ya sake shan irin wannan faɗa a kan wata PEP, ya ga mutane da yawa suna ƙyamar hukuncinsa. Ya ajiye sarautar, ya kuma ƙi naɗa magaji. Sai da suka yi watanni suna rubuta tsare-tsaren mulki iri-iri suka jefa ƙuri'a, aka tsaya a kan majalisar mutum biyar da ake sake zaɓa bayan kowace babbar siga. Ta farko ta hau a farkon 2019, da Guido a cikinta a matsayin ɗaya cikin biyar. Alamar da aka yi faɗan a kanta ta shigo a 3.8, kuma ni dai sai in yi wata ban rubuta ta ba.

Majalisar ce ta yanke hukunci a kan tsohuwar rigimar da ake kira GIL. A sauƙaƙe, laftof ɗin yau kamar mutum huɗu ne ko takwas a bakin rijiya, kowa da ƙarfinsa, amma Python guga ɗaya ya tanada, sai wanda ke riƙe da ita ya saki wani ya ja. An yi haka ne don kada biyu su taɓa abu ɗaya lokaci guda su ɓata shi. Tun shekarun 1990 ake gwada cire wannan ƙa'ida, kullum sai a tarar mai ja shi kaɗai ya rage sauri, Guido kuma ya ce ba zai karɓi gyaran da zai cutar da mai aiki ɗaya ba. Sam Gross, injiniya a kamfanin Meta, ya zo a 2021 da kod mai aiki, aka amince da takardarsa a Oktoban 2023 bisa sharaɗin a tafi a hankali, in abin ya ƙi a janye. Ya fito a matsayin gwaji a 3.13.

To amma a faɗi gaskiya, ɗalibin da ke karatu a Gwallameji ko Gubi a nan Bauchi bai taɓa kwana da ciwon GIL ba. Abin da ke hana shi barci kayan aikin da ke kewaye da harshen ne, musamman pip, wanda ke sauko da fakitoci daga rumbun PyPI. Wanda ya taɓa girka babban fakitin nan PyTorch a Linux da datar waya ya san zancen: sama da gigabait guda ake saukewa, ka kai kashi tamanin cikin ɗari, sabis ya yi ƙasa ko wuta ta ɗauke, a ce ka koma farko. Shekara da shekaru pip bai iya ɗorawa daga inda ya tsaya ba, sai a siga ta 25.1 a Afrilun 2025 aka ƙara masa wannan. Wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa ba zai taɓa jin wannan a matsayin matsala ba, alhali a wurinmu kuɗin abincin kwana biyu ne. Shi ya sa dabarar da na fi koya wa yara ita ce mutum ɗaya ya sauke fakitocin cikin fulash da umarnin da pip ya tanada don haka, sauran su girka daga fulash ɗin ba tare da sun taɓa data ba.

Ko kuma a ɗauki abin da ya faru a 2023, lokacin da nau'o'in Linux biyu, Debian 12 da Ubuntu 23.04, suka fara aiki da PEP 668. Yaro ya bi bidiyon koyarwa na shekara uku baya, ya rubuta umarnin girka fakiti kamar yadda malamin ya yi, sai kwamfuta ta ƙi, ta zubo masa dogon Turanci. Dalilin mai kyau ne: shi kansa Ubuntu yana amfani da Python wajen ayyukansa, kuma mutane sun sha lalata kwamfutocinsu ta hanyar girka fakiti a kan nasa. Ana so kowane aiki ya sami keɓaɓɓen ɗakinsa. Hukuncin daidai ne, amma wanda ya biya kuɗinsa shi ne sabon shiga da ba shi da wanda zai tambaya.

Me ya sa kayan aiki suke baya alhali harshen na gaba? Wani ɓangare na amsar kuɗi ne. Microsoft ta ɗauki Guido aiki a Nuwambar 2020, ta haɗa masa tawagar ƙara wa Python sauri, 3.11 ta fito a 2022 da ƙarin saurin kusan kashi 25 cikin ɗari a matsakaici. Meta ta sa injiniyoyinta a aikin GIL saboda manyan injinanta suna buƙata. Shi kuwa pip 'yan sa-kai ƙalilan ne ke riƙe da shi, kuma babban gyaran da aka yi masa a 2020, na yadda yake sasanta fakitocin da ke karo da juna, sai da Mozilla da gidauniyar Chan Zuckerberg suka ba da tallafin dala dubu 407 sannan ya yiwu. Wani ɓangaren kuma rarrabuwar kai ce. Ga pip, ga conda, ga Poetry, ga wasu, kowa da jama'arsa. Tsarin fayil guda da zai rubuta takamaiman fakitocin da aiki ya dogara da su, don abin da ya yi aiki a Bauchi ya yi a Gombe ba bambanci, Brett Cannon ya kawo shi aka ƙi a 2022, ya koma ya sake ɗinki, sai a Maris ɗin 2025 aka amince da PEP 751. Ana cikin wannan jan ƙafa wani kamfani mai suna Astral ya fito da uv a Fabrairun 2024, an rubuta shi da Rust, yana yin aikin pip cikin ƙiftawar ido. Ina amfani da shi, ina kuma jin daɗinsa, amma ban manta cewa kamfani ne mai masu zuba jari ba, kuma mai zuba jari watarana zai tambayi ribarsa.

In aka ce in zaɓi gyara ɗaya da ya fi amfanar masu koyo a shekarun nan, ba zan zaɓi sauri ba. Saƙonnin kuskure zan zaɓa. Da, in ka manta rufe baka, wato alamar ( ), Python sai ya nuna maka wani layi can gaba da ba ruwansa, ya ce rubutunka ba daidai ba ne, ka yi ta lalube. Daga 3.10, bisa aikin da Pablo Galindo Salgado ɗan Sifaniya ya jagoranta, zai ce maka ga bakan da ka buɗe ba ka rufe ba. In ka rubuta pritn zai tambaye ka ko print kake nufi. A 3.11 aka ƙara 'yan alamu a ƙarƙashin daidai gurbin da abin ya fashe. Wanda ya taɓa tsayawa a kan yara goma sha biyar masu laftof biyar, janareto na ci, ya san yawan hannayen da wannan ya hana ɗagawa. Saƙonnin dai da Turanci suke, kuma cikin harsunan da aka fassara takardun Python zuwa gare su tun da aka buɗe wannan ƙofa a 2017, akwai Faransanci da Japananci da Sifaniyanci da wasu, babu Hausa. Ƙofar ba a kulle take ba, aikin ne mai yawa kuma ba biya.

Akwai kuma dalilin da ya sa masu riƙon irin waɗannan ayyuka ba sa son jin "layi biyu ne kawai, ku karɓa mana". A Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar da ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Mutum ɗaya ne ya shekara da shekaru yana riƙe da ita, ya gaji, wasu suka yi ta matsa masa cewa yana jan ƙafa, har ya ba wani "mai taimako" dama, shi kuma ya yi shekara biyu yana aikin kirki kafin ya dasa abin da ya kawo shi. Saboda haka wanda ke son a saurare shi, hanyar a bayyane take: ɗan gajeren kod da kowa zai iya gwadawa ya ga matsalar da idonsa, sigar da yake amfani da ita, abin da ya sa ran gani da abin da ya gani, sannan ya duba ko wani ya riga shi kawowa.

Saura Ɗanladi da Ƙasimu da ke bayan Zuwaira. Umarnin jerawa na Python lambar Unicode yake bi: Z tana 90, Ɗ tana 394, Ƙ tana 408, to dole su zo ƙarshe. Wannan kuwa ba hurumin harshen ba ne, domin jeri ya danganta da wanda ke karantawa. Bajamushe yana ajiye ö kusa da o, ɗan Suwidin yana kai ta can bayan z, harafi ɗaya gida biyu. Irin wannan ilimi yana cikin wata taska ta ƙungiyar Unicode mai suna CLDR, wadda manhajar ICU ke amfani da ita, kuma akwai ƙa'idar Hausa a ciki: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sannan sh da ts kowanne harafi ne mai zaman kansa. Mai Python zai iya kaiwa gare ta ta fakitin PyICU, sai dai girka shi a Windows ɗin shago da datar waya wani aikin ne na daban.

Mu dai a ranar gajeriyar hanya muka bi. Muka rubuta haruffan Hausa a jere, muka ce Python ya bi wannan jerin maimakon lambobinsa, layi goma bai cika ba. Muka ƙara UTF-8 a duk inda aka buɗe fayil, muka rubuta namu ɗan umarnin da ke ɗaga harafin farko ya tsallake alamar da ke gabansa. Na sa sh da ts a matsayin haruffa, kamar yadda aka koya mana a aji ɗaya. Ɗanladi ya dawo bayan Dauda, Ƙasimu ya bi Kabiru, yaron ya buga ya kai.

Ranar Litinin ya kira ni. Shugabar makarantar ta duba takardar, ta yaba, amma ta ce me ya kai Shehu bayan Sulaiman? A rajistarsu tun da aka buɗe makarantar Shehu tsakanin Sani da Sulaiman yake, lambobin ɗalibai ma a kan haka aka raba su, malamai kuma da wannan jerin suke shigar da maki.

"Yaya, na ce mata a ƙa'idar Hausa namu ne daidai."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta sani, ita ma Hausa ta karanta. A mayar mata yadda yake."

Ya cire sh da ts daga jerin, ya bar masu ƙugiya a inda muka sa su, ya koma shagon ya sake buga shafi goma sha huɗu da kuɗin aljihunsa.